Malam Bai Zubar Da Girmansa Ba



Tun da muka dawo daga ziyarar Gidan Makama da Dutsen Dala, muke jin wasu na cewa malaminmu na Tarihi ya sakar mana fuska da yawa, wai raini zai shigo. Mu 'yan aji biyu ba mu yarda ba.

Da can, in Malam ya shigo aji kowa sunkuyar da kai yake yi. Ko ba mu gane ba, sai mu ce mun gane. Amma a Gidan Makama, da ya ce Muhammadu Rumfa ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, wani da bai taɓa ɗaga hannu ba ya tambaya, shekara nawa ke nan? Malam bai yi masa tsawa ba, ya ce mu lissafa tare. Muka samu 36. A wajen hawan Dala kuwa, shi ne a baya yana jiran masu haki. Da ya ga ɗayanmu bai zo da abinci ba, ya raba burodinsa biyu.

Yanzu ya san sunayenmu. Wanda bai zo ba, sai ya tambaya ko lafiya. Da, tsoron bulala ke sa mu yin aikin gida. Yanzu kunyarsa muke ji.

An ce ido wa ka raina, wanda kake gani kullum. Mu dai ganin Malam a kusa girma ya ƙara masa a wurinmu. Muna roƙon Shugaban Makaranta a ci gaba da irin wannan ziyara, sauran malamai ma su riƙa raka mu.

Daga wakilin 'yan aji biyu