Nijar Ta Fita Daga ECOWAS: Wa Zai Biya Kuɗin Fito?

A ranar 29 ga Janairu, 2025, ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS, ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975. Wasu sun yi murna, wasu sun yi tsaki. Ni dai hankalina yana kan mai kawo wake da shanu daga Maraɗi zuwa Jibiya, da mai kai kayan masarufi daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni.

Zama cikin ƙungiyar yana da amfani biyu ga ɗan kasuwa. Kayan da aka noma ko aka ƙera a wata ƙasar ƙungiyar suna shiga 'yar'uwarta ba tare da kuɗin fito ba. Kayan waje kuwa, tun 2015 an tsara musu kuɗin fito na bai ɗaya, daga sifiri zuwa kashi 35 cikin ɗari. Ƙasar da ta fita, a shari'ance ana iya ɗaukar kayanta kamar na baƙo.

Gaskiya ne a ranar fitar, ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar kayan ƙasashen uku bisa tsohon tsari har sai an sake ba da sanarwa. Amma wannan alfarma ce, kuma wanda ya yi alfarma yana iya janye ta. A watan Maris na 2025 su ma ƙasashen uku suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje. Kaɗan ne, amma yanzu kowa da alƙalaminsa a hannu.

Mu dubi Birtaniya, wadda ta bar Tarayyar Turai a 2020. Ta samu yarjejeniyar da ta ɗauke kuɗin fito, duk da haka daga Janairun 2021 'yan kasuwarta suka shiga cike takardun kwastan, da na shaidar asalin kaya, da na lafiyar nama. Manyan kamfanoni suka ɗauki ma'aikata don wannan aiki, ƙanana da yawa suka sha wuya. To, ina ga mu, inda kowace sabuwar takarda kan haifar da sabon shinge a hanya?

Mun ma riga mun ɗanɗana. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, ciniki bai mutu ba. Ya koma hanyoyin daji, tsada ta ƙaru, mai saye a kasuwa ya biya.

Saboda haka ina kira ga hukumomin Abuja da Yamai su zauna su rubuta yarjejeniya tsakaninsu, su bayyana cewa hatsi da dabbobi da albasa ba su da kuɗin fito. A kuma manna ta da Hausa a ofisoshin kwastan na Jibiya da Illela da Maigatari, domin direba ya san abin da zai biya tun kafin ya ɗauki kaya.