Me Ya Haɗa Marubuci Da Baƙin Allon Linux?



Da yawanmu in muka ga baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, sai mu ce na injiniyoyi ne. A ganina marubuci ma yana da gado a ciki. A 1969 aka fara Unix a Bell Labs da ke Amurka, kuma a 1971 ma'aikatan da ke buga takardun mallakar fasaha suna cikin waɗanda suka fara amfani da shi. Tun asali da rubutu ya tashi. Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991 kuwa salonsa ya ɗauko.

To, me zai yi maka? A ce littafinka babi arba'in ne, kowane babi da fayil ɗinsa. Umarnin wc -w *.txt zai ƙirga kalmomin kowane babi, ya ba ka jimilla. Mai shirin shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa ya san darajar wannan. Idan kana zargin sunan jarumarka ya rikiɗe daga Hafsatu zuwa Hafsa, grep -n Hafsa *.txt zai jero duk layin da sunan ya fito. Wanda ya saba rubuta k' a madadin ƙ kuma, sed zai gyara masa littafin gaba ɗaya kafin shayi ya huce.

Sai da kwamfuta? A'a. Android kanta a kan Linux aka gina ta, kuma manhajar Termux tana buɗe wannan allo a waya. Sharaɗin kawai shi ne rubutun ya zama .txt, domin waɗannan umarnai ba sa karanta fayil ɗin Word kai tsaye.

Akwai haɗari? Ƙwarai. Umarnin rm yana goge fayil ba tare da ya jefa shi kwandon shara ba. Harafi ɗaya ya kuskure, wahalar shekara biyu ta bi ruwa. Don haka cp, mai yin kwafi, shi ne karatun farko. Kuma kada ka liƙa umarnin da ka tsinta a intanet alhali ba ka san aikinsa ba.

Na yarda, baƙin allo ba zai ƙara wa labari armashi ba. Amma awannin da muke ɓatawa wajen farautar kure babi-babi, da tunanin labarin muka ba su ya fi. A wannan makon a gwada wc a kan babi ɗaya.

Allah Ya ƙara basira.