Hazbiyar Yaro da Kwalbar Mai Kemis

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kantin mai kemis bayan la'asar, ya ga uwa ta shigo riƙe da hannun yaron da fatar idonsa ta kumbura, kwantsa ta manne masa gashin ido, aka miƙa mata kwalbar ɗigawa ba tare da an tambaye ta kwana nawa ciwon ya yi ba, to ya ga mas'alar da ta sa na ɗauki alƙalami.

A bakin kowace fatar ido, bayan jerin gashi, Allah cikin hikimarsa ya halicci ƙananan ƙofofi tsakanin 20 da 40, waɗanda likitan Jamus Heinrich Meibom ya bayyana siffarsu a 1666, kuma ta cikinsu ne wani maiƙo ke fitowa ya lulluɓe hawaye domin kada ido ya bushe. Idan maiƙon ya daskare ya toshe ƙofa, sai hazbiya ta fito, ko ƙullutu mai tauri wanda ba ya saurin tafiya, yaro ya riƙa murtsuke ido yana gudun haske.

Ba na musun fa'idar maganin ɗigawa mai kashe ƙwayoyin cuta, irin su azithromycin, musamman idan kumburin ya soma taɓa baƙin ido. Hujjar likitoci ta ba yara ɗigo ma ƙaƙƙarfa ce, tun da tetracycline da doxycycline na sha, waɗanda ake ba manya, suna iya rina haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba. Sai dai ɗigo ba ya narkar da maiƙon da ya daskare. Wannan aikin tsumma ne mai tsabta, a tsoma shi a ruwan ɗumi, a gwada a bayan hannu, a ɗora a kan rufaffen ido kamar minti biyar safe da yamma, a goge bakin fatar, a ajiye kwalli tukuna, a dawwama a haka na makonni. Kuma haƙurin nan shi ne abin da ya fi yi mana tsada.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wasu kwalaben an gauraya su da dexamethasone, wanda yakan kwantar da jan ido nan take har uwa ta yi hamdala, alhali in aka daɗe ana ɗiga shi yana iya haddasa hawan jinin ido da yanar ido, kuma yara sun fi manya saurin kamuwa. Saboda haka yaron da hazbiya ke yawan komo masa, ko ya kasa buɗe ido a rana, wurin likitan ido ya kamata a kai shi, ko da za a yi tattaki zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.