Firgici Yana Karkara

Tun daga 1990, shekarar da Turmin Danya ya buɗe ƙofar fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano, galibin masu wannan sana'a, in sun yi nufin firgita jama'a, sai su shafa wa ɗan wasa hoda, su haska shi da jar fitila cikin falo, alhali kuwa da za su bi hanyar Katsina su yada zango a Kankiya, su ratsa ƙauyuka zuwa Kusada, da sun tarar da kufai da tsofaffin rijiyoyi, da kuka da tsamiya waɗanda Bahaushe ya daɗe yana ɗauka mazaunin aljannu ne. Hikimar mai ɗaukar hoto a nan haƙuri ce: ya jira hazon hunturu, ya jira gab da magariba sa'ad da haske ke raunana, ya girke kyamara daga nesa, domin abin da ido ya kasa tantancewa shi zuciya ke ƙaga wa siffa. Maƙabarta kam, a ganina, a bar ta da huruminta. Daraktoci, ku nemi izinin dagatai ku fito karkara.