Batir Ba Ya Son Zama Da Yunwa

A wannan wata za mu tattauna kan batir, na mota ne, na babur ko na sola, domin a nan Ambassatna da wuya ka samu gidan da ba ya dogaro da shi idan aka ɗauke wuta.

A ƙasashe irin su Kanada, masu motocin kwana na yawon shaƙatawa sukan cire batir su shigar da shi ɗaki kafin dusar ƙanƙara, saboda batirin da ya yi sanyi ruwansa yakan daskare har ya fasa kwandon. Mu a Injamena sanyinmu bai kai haka ba. Daren Janairu yakan tsaya wajen digiri 14. Abin da hunturu yake yi mana shi ne tona asirin batirin da zafin Afrilu ya riga ya cinye. Shi ya sa da asuba mota take ƙin tashi.

To, ga wanda zai yi tafiya ko zai ajiye mota wata da watanni, ga shawararmu. A cika batir da caji kafin a ajiye shi. Cikakke yakan nuna bolt 12.6 a mita. Idan ya sauko ƙasa da 12.4, farin gishiri zai fara kama faranten dalma na ciki, in ya daɗe kuwa ba ya sake narkewa. Don haka a auna shi duk wata, a ƙara caji.

A cire wayar da ke da alamar ragi tukuna. A wanke kan batir da ruwan kanwa, amma kada ya shiga ciki, a bushe, a shafa girishi. Idan ruwa ya ragu, a zuba ruwan batir tatacce kawai, ba na famfo ko na Shari ba, kuma ba asid ba. A ajiye shi a inuwa mai iska, nesa da murhu da yara, domin iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta.

Kuɗin sabon batir ba ƙarami ba ne, rigakafi kuwa ya fi magani. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.