Kakar Kabir Singh ta tafi: su wa suka rage cikin tsofaffin taurarin Indiya?

Jama'a, watan Nuwamban 2025 bai zo wa masoya fim ɗin Indiya da daɗi ba. A tsakiyarsa Kamini Kaushal ta mutu a Mumbai tana da shekara 98, kafin ya ƙare kuma sai ga labarin mutuwar Dharmendra, shi yana da 89. Na Dharmendra kowa ya sa hotonsa a Facebook. Na Kamini kuwa, wallahi sai da na ce wa abokaina "kakar Shahid Kapoor a Kabir Singh" sannan suka gane wa nake nufi.

To ai ba daga kaka ta fara ba. An haife ta a Lahore a 1927, sunanta na gaskiya Uma Kashyap. Fim ɗinta na farko, Neecha Nagar na 1946, ya ci babbar kyauta a bikin Cannes na farko a Faransa, tun Indiya ba ta samu 'yanci ba. A 1948 kaɗai ta fito da Raj Kapoor a Aag, da Dev Anand a Ziddi, da Dilip Kumar a Shaheed. Manyan mazan zamanin su uku kenan, cikin shekara ɗaya. Daga baya Biraj Bahu na 1954 ya ba ta kyautar Filmfare ta gwarzuwar jaruma.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne 1965. Tana da shekara 38 aka ba ta matsayin uwar Manoj Kumar, mutumin da ta girma da shekara goma kacal. Dev Anand kuwa, wanda ya girme ta, a 1971 yana nan yana fitowa a jarumi a Hare Rama Hare Krishna. Haka harkar take: namiji ya tsufa yana soyayya, mace kuma tana doshin arba'in a miƙa mata farin sari. Wasu da yawa nan suke ajiye sana'ar. Ita ta karɓa, kuma wannan ne ya kai ta har Chennai Express na 2013 a matsayin kakar Shah Rukh Khan, da Laal Singh Chaddha na 2022. Shekara 76 kenan tsakanin fim ɗin farko da na ƙarshe.

Yanzu wa ya rage? Dilip Kumar ya tafi a 2021, Lata Mangeshkar a 2022, Manoj Kumar a Afrilun 2025. Cikin matan akwai Vyjayanthimala (1933), Mala Sinha (1936), Waheeda Rehman da Helen (1938), sai Asha Parekh (1942). Ku lura, dukkansu bayan 1947 suka fara. Da tafiyar Kamini, waɗanda za su iya zama su ba ka labarin yadda ake ɗaukar fim a Bombay kafin a raba Indiya da Pakistan sun kusa ƙarewa.

Gaskiya Indiya ta ɗan farga. An ba Asha Parekh kyautar Dadasaheb Phalke a 2022, Waheeda ta karɓa a 2023, duk suna raye suna gani da idonsu. Amma su ma sun sha asara kafin su koyi darasi. Alam Ara na 1931, fim ɗinsu na farko mai magana, ya ɓace baki ɗaya, don sai a 1964 aka buɗe ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a Pune.

Nan ne maganar ta shafe mu. Iyayenmu a sinimomin Kano suka san waɗannan fuskokin, kuma daga can Kannywood ta ɗauko waƙa da rawa. Turmin Danya na 1990 ne, jiya-jiya idan aka kwatanta, amma je ka nemi kaset ɗin fina-finan wancan lokacin ka ga wahala. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Hajiya Zainab Booth a 2021. Mun zauna da su mun ɗauki tarihinsu yadda ya kamata? Kuma ba mu manta da hirar Ladin Cima da BBC Hausa a 2022 ba, da ta ce dubu biyu zuwa biyar ake ba ta a fim. Wasu daraktoci sun musanta, aka yi ta cacar baki, ƙura ta lafa, kowa ya kama gabansa.

Ni dai shawarata ga mu 'yan kallo ƙarama ce. Wannan tsohuwar da ke fitowa a uwa ko kaka a fim ɗin da kake bi duk mako, nemi sunanta na gaskiya tun tana raye. Masu kyamara kuma su je su zauna da ita a ɗauki labarinta. Allah ya jiƙan namu da suka rigaye mu, ya ƙara wa na raye lafiya.