Ba duk rashin ji ne taurin kai ba

A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, ciki har da Abare ta ƙasar Anka. Waɗanda suka rayu fa?

Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana ƙara haɗarin larurar ADHD: yaro ya kasa natsuwa, ya riƙa katse zancen manya, ya fara labari ya ɓace a tsakiya. Mu kuwa sai mu ɗauko bulala.

Ƙwararrun gyaran magana kan koya masa jira a gama kafin ya sa baki, da jera zance daki-daki. Iyaye kuma su riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya.

'Yan'uwa marubuta, in muka sa irin wannan yaro a labari, kada mu mai da shi abin dariya. Mu nuna wa iyaye akwai taimako.